Ranar da Na Hana Arzika Maƙeri Allura

Kwanakin aiki da yawa sun shuɗe ban riƙe komai daga cikinsu ba, amma ban taɓa mantawa da ranar kasuwar da na hana Arzika maƙeri allura ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamaninmu, ku da kuke riƙe da aikin yanzu, wannan zan ba ku, ko da yake ba mai daɗin ji ba ne.

A shekarun farko bayan mun samu mulkin kai aka tura ni wani gari mai kasuwa a kan hanyar Dogon Dutsi zuwa Ɗan Kassari. Ba zan faɗi sunan garin ba, jikokin mutanen suna nan da ransu. Ina anfirme a lokacin, ƙaramin mataki, ban daɗe da fitowa makaranta ba. Ga wanda bai san tsarin ba: anfirme shi ke duba marasa lafiya ya yi allura ya ɗaure miki, sama da shi akwai majo, wato babban anfirme, sama da majo kuma sai babban likita da ke zaune a Dogon Dutsi. To, a wurina babu majo. Ni ne anfirme, ni ne majo, ni ne mai shara in ta kama. Babban likita yakan zo rangadi, abin da muke kira turne, sau ɗaya a wata biyu ko uku, in rairayi ya bar motarsa ta wuce. Mutanen gari ba ruwansu da matakai, Lokotoro suke kirana, wato likita.

Ɗaki biyu ne dispanser ɗin, wato ƙaramin asibitin, da rumfa a gaba inda ake jira. A ɗakin ciki akwai armuwar, wato dogon akwatin ƙarfe mai makulli, a nan magani yake. Abin da ya fi komai daraja a cikinta shi ne penisilin, ƙananan kwalabe masu farin gari da ake narkawa da ruwa a yi allura. Makullin yana rataye a wuyana da zare. Ina jin nauyinsa, ina kuma jin daɗinsa, ba zan ɓoye muku ba.

Arzika yana zaune a tungar maƙera, tafiyar kamar sa'a ɗaya a ƙafa daga garin. Shi ke ƙera hauya da sungumi da gatari na ƙauyukan wajen gaba ɗaya. Ya haura sittin, gajere ne mai faɗin ƙirji, tun yana yaro yake zaune a bakin wuta cikin bukkar ƙira wadda ba ta da taga, kuma tukunyar taba ba ta barin bakinsa sai in zai ci abinci ko zai yi salla. Tarinsa kowa ya san shi. In ya shigo kasuwa, kafin ka gan shi ka ji shi.

Zuwansa na farko wurina a kan jaki aka kawo shi, matarsa Kuluwa tana riƙe da shi ta baya don kada ya faɗi. Jikinsa zafi rau, yana jan numfashi kamar wanda aka danne wa ƙirji da dutse, ba ya iya haɗa kalma uku bai tsaya ba. Na ba shi gwangwani na ce ya yi kaki a ciki. Kakin ya fito kore, mai kauri, mai yawa. Na fara tsoron tarin fuka ne, na aika da kakin Dogon Dutsi aka duba, aka ce babu. Ciwon da ku yanzu kuke kira BPCO ne, mu a lokacin tsohon tari mai toshe numfashi muke ce masa: hayaƙi ya ci hanyoyin iska na huhu shekara da shekaru, sun ƙuntace, sun cika da majina. Mai shi yana nan yana lallaɓawa, sai wani lokaci ciwon ya taso masa gaba ɗaya.

Na shimfiɗa masa tabarma a rumfa, na fara yi masa penisilin safe da yamma. Kwana na uku zafin ya sauka. Kwana na biyar kakin ya fara fari. Ranar da aka cika bakwai ya tashi da ƙafarsa ya zagaya dispanser yana dariya, yana buga ƙirji. A nan na yi kuskurena na farko, kuma ban san kuskure ba ne sai daga baya. Na dafa kafaɗarsa na ce, “Baba, ka warke.”

Bai warke ba. Ƙwayoyin cutar da suka hau kan tsohon ciwon ne suka mutu, huhun yana nan yadda hayaƙi ya bar shi. Na san haka a littafi, amma daɗin ganin mutum ya tashi ya sa bakina ya riga hankalina. Bayan mako biyu ya aiko mini da wani murhun ƙarfe mai ƙafa uku da ya ƙera don in riƙa dafa sirinji a kai. Duk inda ya zauna sai ya ba da labarin allurar Lokotoro. Mutanen da ba su taɓa taka dispanser ba suka fara zuwa saboda bakinsa.

Cikin shekara biyu ya dawo sau uku. Sau biyu kakin kore ne, na yi masa allura, ya tashi, amma kowane tashi bai kai na baya ba. Na farko ya koma gida da ƙafa, na biyu sai da ya huta sau biyu a hanya. A dawowa ta uku mura ce kawai ta tayar masa da haki, kakin fari fat, babu zafin jiki. Duk da haka na yi masa allurar, don ya roƙa, don kuma ina jin kunyarsa. Ya samu sauƙi, kamar yadda da ma zai samu ko ban yi ba, ya ƙara sakankancewa cewa ransa yana cikin waɗannan kwalabe. Na sha ce masa ya bar taba, ya huda taga a bukkar ƙira. Sai ya yi dariya ya ce, “Ɗana, ubana cikin hayaƙin ga yat tsuhwa. In ciwo ya taso ba ga ka ba?”

Ana cikin haka babban likita ya zo turne. Mutum ne mai natsuwa, ba ya ɗaga murya, kuma ya san aikinsa. Ya zauna ya buɗe rajistar marasa lafiya yana bi layi layi da yatsa, har ya iso kan sunan Arzika na dawowarsa ta uku.

Ya ce, “Ka rubuta kaki fari, babu zazzaɓi. Me ya sa ka ba da penisilin?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, numfashinsa ya yi tsanani.”

Ya ce, “Penisilin ba ya buɗe numfashi. Ƙwayar cuta yake kashewa. In babu ita, me ya kashe?”

Sai ya yi mini bayani a tsanake, bayanin da har yau nake maimaita wa ɗalibai. Ya ce mai irin wannan ciwo in ya taso masa, a duba abu uku: hakin ya ƙaru, kakin ya ƙaru, kakin ya canja launi zuwa ɗorawa ko kore. Na ukun shi ne babba. In kakin fari ne, babu zafin jiki, sau da yawa mura ce ko hayaƙi, a ba shi maganin buɗe ƙirji, ya sha ruwa da yawa, ya huta, ya nisanci wuta. In aka riƙa zuba penisilin a kowane tari, wata rana za a neme shi ya yi aiki ya ƙi, don ƙwayoyin sun saba da shi. Sannan ya ce abin da ake aiko mana ya ragu, kuma ba a san ranar da zai ƙaru ba. Kwalbar da na kashe a kan mura, ta wata mai jego ce ko wani jariri mai ciwon haƙarƙari. Kafin ya hau mota ya ce, “In na dawo na sake ganin irin wannan, zan rubuta.” Rubutawa a lokacin tana nufin takarda a cikin dosiyenka, wato fayil ɗinka na aiki, wadda za ta bi ka har ƙarshen aiki.

Gaskiya ya faɗa, kowace kalma. Ina so ku riƙe wannan, don abin da zai biyo baya ba laifin ƙa'idar ba ne.

Bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kowa yana neman a gyara masa sungumi da hauya kafin ruwan shuka. Lokacin ne aikin maƙeri ya fi yawa, daga safe har yamma a bakin wuta. Ranar kasuwa da hantsi, rumfar dispanser cike da mutane, sai ga Arzika a kan jaki, Kuluwa tana biye. Ya sauka da ƙyar, ya dafa ginshiƙin rumfa yana haki, kafaɗunsa suna ɗagawa da kowane numfashi. Mutane suka ba shi wuri.

Na shigar da shi ciki na duba shi yadda aka koya mini. Babu zafin jiki. Na saurari ƙirjin, yana ta shewa ko'ina kamar yadda ya saba, amma babu alamar ciwon haƙarƙari. Na ba shi gwangwani. Kakin ya fito fari, mai kumfa. Kuluwa ta ce kwana uku ke nan da mura ta kama shi, kuma bai bar ƙira ba ko yini ɗaya.

Na ce, “Baba, wannan karon ba na allura ba ne. Zan ba ka ƙwayar buɗe ƙirji. Ka bar wuta kwana bakwai, ka sha ruwa. In kakin ya koma kore ko jikinka ya yi zafi, ka dawo nan take, a ranar zan yi maka.”

Ya dube ni kamar bai ji ba. Ya ce, “Allurag ga dai da kas saba yi min.”

Na sake yi masa bayani. Ya ce, “Ta ƙare ne?”

Da na ce ta ƙare, wataƙila da labarin ya canja. Amma ban iya ƙarya ba a lokacin, kuma ina ganin gaskiya ta ishe ni. Na ce, “Akwai ta, amma ba ciwonta ne gare ka yau ba.”

Ya miƙe ya fita rumfa, na bi shi da ƙwayoyin a ƙunshe cikin takarda. A gaban mutane ya juyo, yana magana yana tsayawa don ya ja iska. Ya ce, “Ku ji, jama'a. Magani na nan cikin akwati. Ni Arzika... ni da nac cika mai wurin ga da mutane... yau ya ce ban kai ba.” Ya numfasa, ya nuna makullin da ke wuyana. “Da Nasara na nan, ana ba mu. Yanzu ɗiyanmu sunka amshi makulli, sun hi Nasara rowa.”

Wani ya yi dariya a bayan rumfa. Ba gaskiya ba ce ma maganar, zamanin Nasara ko dispanser babu a garin. Amma ta shige ni har ƙashi. Ina saurayi, ina ganin mu ne muka karɓi ƙasa za mu gyara ta, ga tsoho ya tsaya a gaban kasuwa yana cewa na fi Nasara rowa. Sai na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce, “Baba, nan ba maƙera ba ce da kowa zai zo ya faɗi abin da za a ƙera masa. Ni na yi karatun aikin nan. In ka ga kore ka dawo, in ba ka gani ba kada ka ɓata mini lokaci.”

Arzika ya juya wajen jakinsa, ya yi ƙoƙarin hawa ya kasa, sai da wasu mutum biyu suka ɗaga shi. Kuluwa ce ta miƙo hannu ta karɓi ƙunshin ƙwayoyin, ba ta dube ni ba. Na koma ciki na rubuta a rajista: kaki fari, babu zazzaɓi, ba a ba da penisilin ba. Na ja layi a ƙarƙashi don babban likita ya gani.

Kwanakin da suka biyo baya aiki ya yi mini yawa, ƙyanda ta shiga wasu ƙauyuka biyu, ina hawa doki ina zagayawa. Na daɗe ina faɗa wa kaina wannan ne dalilin da ya sa ban leƙa shi ba. Ba shi ba ne. Hanyar ɗaya daga cikin ƙauyukan tana wucewa ta mararrabar tungar maƙera, daga mararrabar kana hango bukkokinsu. Sau biyu na wuce wurin. Na farko na ja linzami na tsaya, na saurara ko zan ji ƙarar masaba a kan uwar maƙera, ban ji ba. Na ce a raina, madalla, ya ji magana ya huta. Na kuma ce, shi ya zage ni a gaban mutane, shi ya kamata ya fara zuwa. Na kaɗa doki na wuce. Na biyu ko tsayawa ban yi ba.

Kwana tara bayan ranar kasuwar, da sassafe ina dafa sirinji, Kuluwa ta shigo ita kaɗai, ƙafafunta duk rairayi. Ba ta yi sallama da ƙarfi ba, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ajiye wata 'yar ƙwarya da aka rufe da faifai. Na buɗe. Kaki ne, kore shar, har da ɗigon jini, warinsa ya cika ɗakin.

Na ce, “Inna, tun yaushe?”

Ta ce, “Tun kwana ukku bayan munka komo.”

Na lissafa a raina, kwana shida ke nan. Na ce, “Don me ba ku zo ba? Ai na ce ku dawo!”

Ta ce, “Na hwaɗa mai. Ya ce ko shina mutuwa ba shi koma inda anka kore shi gaban mutane. Yab bizne kakin cikin toka don kar in gani. Yau bai san inda shike ba, shi yas sa nis samu hitowa.”

Na ɗebi kwalabe na zuba a jaka, na ɗora ta a bayan doki muka tafi. A hanya ta gaya mini sauran. Da zafin jiki ya taso, 'yan uwansa suka ce doguwa ce ta taɓa shi, tunda maganin asibiti ya ƙi shi. Aka kira mai bori, aka rufe shi a ɗaki aka yi ta turara masa hayaƙin saiwoyi kwana biyu. Wa zan zarga? Sun nufi ƙofar da ta rage musu a buɗe ne.

Na same shi a jingine da bango, an tokare shi da buhun gero don ba ya iya kwanciya. Leɓunansa da farcensa sun yi shuɗi-shuɗi, ƙafafunsa sun kumbura har gwiwa, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Jikinsa kamar garwashi. Ɓangaren dama na ƙirjin, daga ƙasa, iska ba ta shiga ko kaɗan. Na sa aka fito da shi inuwar wata bishiya a tsakar gida, na narka penisilin na yi masa, na ninka abin da na saba ba shi. Da allurar ta shiga ya buɗe ido ya dube ni. Ban sani ba ko ya gane ni. Ya motsa baki, na kai kunne, sai na ji yana cewa a zuga wuta, ƙarfen ya huce.

Abin da yake bukata a wannan lokaci iskar oksijan ce, kuma babu ita a ko'ina kusa. Na rubuta takarda na ba wani mai raƙumi ya kai Dogon Dutsi a turo mota. Na zauna a tungar, ina yi masa allura a kan lokaci, ina ɗura masa ruwa da ludayi, ina goge masa jiki. Manoma suna zuwa da sungumansu a kafaɗa, su tsaya a bakin darni su leƙo, su yi addu'a su juya. Babu wanda ya ce mini uffan. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari da azahar numfashin ya fara tsayawa yana dawowa. Kuluwa tana zaune a gefensa tana kora masa ƙuda. Kafin la'asar ya cika. Motar ta iso kwana biyu bayan an binne shi, direban ya ce sun kafe a rairayi.

Da babban likita ya zo turne na gaba, na ba shi labarin duka, ban rage komai ba, har da abin da na faɗa a rumfa da tsayawata a mararraba. Ya duba rajista ya ga layin da na ja. Ya ce, “A ranar da ka gan shi, hukuncinka daidai ne. Ni ma da haka zan yi.” Na ce, “Da na yi masa allurar a ranar fa?” Ya ce, “Wataƙila da ta tare abin da ya biyo baya, wataƙila da ba ta tare ba. Huhunsa ya riga ya ƙare, zuciyarsa ta gaji. In bai tafi bana ba, da baɗi ne.” Ya rufe rajistar, sannan ya ce, “Amma kwana shida da yawa ne.” Bai rubuta komai a kaina ba. A ƙarshen shekarar ma yabo ya rubuta, cewa na iya tattalin magani. Takardar tana cikin dosiyena har na bar aiki.

Abin bai tsaya a kan Arzika ba. Labari ya zagaya ƙauyuka cewa Lokotoro yana da magani amma sai wanda ya ga dama yake ba, kuma ya bar maƙeri ya mutu. Rumfar da ke cika ranar kasuwa ta koma mutum uku, mutum huɗu. Damina ta sauka, yara masu ƙyanda suka riƙa samun ciwon haƙarƙari a bayanta, irin wanda penisilin ke warkarwa cikin kwana kaɗan, iyayensu suka riƙe su a gida. Sai in ji an yi jana'iza a ƙauye kaza. Ina zaune a dispanser, armuwar tana da kwalaben da na yi tattali, babu wanda zan yi wa. Na je wurin mai gari na roƙe shi ya yi wa mutane magana. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce zai yi, na kuma san ya yi. Sai da aka kusa shekara kafin ƙafa ta fara dawowa.

Akwai kuma Kuluwa. Shekara arba'in tana tsugune a madafa mai hayaƙin kara da kashin shanu, kuma ita ke zuga wa mijinta wuta in babu mai yi. Tun ranar da na ɗauko ta a doki na ji yadda take numfashi a bayana, na san ciwon yana jikinta ita ma. Bayan ta fita takaba na je tungar na gaishe ta. Na ce, “Inna, tarin nan naki ina so in duba shi. In kin ga kakin ya canja, ko aike ki yi, ni zan zo da kaina.”

Ta ce, “Na gode, ɗana. Allah shi yi ma albarka.” Ta kawo mini ruwa na sha. Babu fushi a fuskarta ko kaɗan.

Ba ta taɓa zuwa ba, ba ta taɓa aikowa ba. Nakan hango ta a kasuwa tana sayar da kuka da daddawa, tana tari tana dafe ƙirji. In na nufo ta sai ta gaishe ni da fara'a ta ce lahiya lau take. Na koma tungar sau uku, kowane zuwa ta ce da sauƙi. Shekara biyu bayan an canja mini wurin aiki, na haɗu da wani mutumin garin a tashar Dogon Dutsi, ya ce mini ta rasu da sanyin da ya wuce, tari ne ya taso mata, kwana goma tana fama a ɗaki.

Na yi shekaru masu yawa a aikin nan bayan wannan, na zama majo, na ga masu irin ciwon Arzika ba iyaka: maƙera, masu gasa tukwane, tsofaffin sojoji masu taba, da mata, mata da yawa, waɗanda ba su taɓa sa taba a baki ba. Ban warkar da ko ɗaya ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yakan ɗaga mutum daga tashin ciwo ɗaya, ya mayar da shi gida cikin hayaƙin da ya kawo shi, ya dawo bayan wata shida ya fi da rauni. Kuna da magunguna yanzu da mu ko sunansu ba mu ji ba, kuna da oksijan a wasu wurare, amma na leƙa ɗakunanku na ga tsofaffin nan a jingine da bango kamar yadda na bar su.

Ƙa'idar kuwa har gobe ita nake koyarwa: a duba kaki, a duba zafin jiki, kada a zuba maganin nan a kan kowace mura. Abin da ba a koya mini ba shi ne, kakin da yake fari yau yana iya zama kore jibi, kuma ba ni zan gan shi ba, mai ciwon ne zai gan shi a cikin ɗakinsa, shi kaɗai, ya yanke shawarar ko zai dawo wurina. Duk aikin ya rataya a kan wannan dawowar. In za ku ce wa mutum a'a, ku shigar da shi ciki ku rufe ƙofa, ku faɗa masa a zaune, kuma ku sa ranar da za ku sake ganinsa, in bai zo ba ku je. Tsoho a ƙasarmu yana iya jure rashin numfashi kwana shida, amma ba ya iya sake ratsa rumfar da aka ɗaga masa murya a cikinta. Ni ɗan ƙasar ne, na san haka tun kafin in shiga makaranta, kuma na tsaya a mararraba ina hango bukkarsa na wuce.